Ina Mujallun Motoci Suka Shiga?

A farkon watan Disamba na 2019, kamfanin TEN Publishing na Amurka ya sanar da cewa zai daina buga mujallu 19 daga cikin 22 da yake fitarwa, kuma dukkansu na motoci ne. Cikin waɗanda abin ya rutsa da su akwai Car Craft, wadda take fitowa tun 1953, da Lowrider, wadda wasu matasa 'yan asalin Meziko suka kafa a San Jose ta jihar Kalifoniya a 1977, da Automobile, da Street Rodder, da Super Chevy. Uku kacal aka ƙyale: Motor Trend da Hot Rod da Four Wheeler. Wata guda kafin nan, Autoweek, wadda asalinta ya koma 1958, ta riga ta yi bugunta na ƙarshe a takarda.

Labarin ya taɓa ni, domin a cikin irin waɗannan mujallu na fara sanin mota. Kawuna bakanike ne, kuma a kusurwar garejinsa akwai wata adaka da ya cika da tsofaffin Autocar da Motor, waɗanda yake tsinta wurin masu baza littattafan gwanjo a bakin titi. Turancinsa ba mai nisa ba ne, amma akwai irin zanen nan da ake yi wa mota kamar an tsaga ta da wuƙa, ana ganin inji da giya da burki kowanne a mazauninsa, shi ne abin da yake saye dominsa. Sai ya ɗora yatsansa mai baƙin mai a kan shafi ya ce, "Zo nan ɗana, karanta mini me suka ce a nan." In karanta, shi kuma ya fassara mini abin da na karanta ban gane ba. Har yau idan na ga tsohuwar mujallar mota, ƙamshin giris nake fara ji.

Mutane da yawa suna taƙaita zancen da cewa intanet ce ta kashe su. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta nuna ta ina aka shiga ba, kuma ba ta bayyana abin da aka rasa ba. Sai an fara sanin aikin da mujallun suke yi.

Mujallar mota ta kusan girmi motar kanta a Ingila. An kafa Autocar a birnin Coventry a watan Nuwamba na 1895, lokacin da motocin ƙasar ba su taka kara sun karya ba, kuma doka ta hana su wuce mil 4 a awa a bayan gari, mil 2 a cikin gari, sannan dole wani ya riƙa tafiya a ƙasa a gabansu. Aikin farko na mujallar shi ne yaƙi da wannan doka, wadda aka sassauta a 1896. The Motor ta biyo baya a 1903, suka shafe shekara 85 suna kishi da juna, kowane mako. A Amurka kuwa bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne abin ya bunƙasa, lokacin da samari suka dawo daga fagen fama da sanin inji da ɗan kuɗi a aljihu: Road & Track a 1947, Hot Rod a 1948, Motor Trend a 1949, sai Sports Cars Illustrated a 1955, wadda ta koma Car and Driver a 1961. Jamus ta samu Auto Motor und Sport a 1946, Faransa L'Auto-Journal a 1950, Afirka ta Kudu kuma CAR a 1957.

Babban abin da suka ƙirƙira shi ne gwajin mota na awo. Autocar ta fara nata a 1928 da wata 'yar ƙaramar Austin Seven. Kamfani zai ce motarsa tana gudu kaza, tana shan mai kaza. Mujalla ba za ta ɗauka ba. Za ta karɓi motar, ta ɗora ta a sikeli, ta kai ta filin gwaji, ta ɗaura mata wata taya ta biyar mai kama da ta keke a baya, domin agogon gudu na jikin mota yakan yi ƙari. Sai mutum biyu su shiga, ɗaya yana tuƙi, ɗaya yana riƙe da agogon awon daƙiƙa. A auna lokacin da take ɗauka daga tsaye zuwa mil 60 a awa, a yi tafiya a dawo don kada iska ta taimaka mata, a auna nisan da take yi kafin ta tsaya idan an taka burki, a cika tanki a sake cikawa a ga abin da ta sha, a sa awo a auna wurin ƙafar na baya da faɗin but. Mako mai zuwa a yi wa wata motar haka, da awo iri ɗaya. Wannan maimaici shi ne darajar abin. Mutum yana iya ɗauko gwajin da aka yi shekara ashirin baya ya ajiye kusa da na yau, ya kwatanta su layi da layi.

Sai kuma rubutun. A 1955 Denis Jenkinson, wakilin mujallar Motor Sport, ya zauna kusa da direban tsere Stirling Moss a cikin Mercedes 300 SLR a tseren Mille Miglia na Italiya, mil dubu daga Brescia zuwa Rum a dawo, a kan titunan da jama'a ke bi. Ya rubuta kowace kwana da kowane tudu a kan wata doguwar takarda mai tsawon ƙafa 18 da ya naɗe a cikin ɗan akwatin ƙarfe, yana murzawa yana yi wa direban ishara da hannu saboda ƙarar inji ba ta bari a ji magana. Sun gama cikin awa 10 da minti 7 da daƙiƙa 48, kuma ba a taɓa karya wannan lokaci ba. Da ya koma ya zauna ya rubuta labarin tafiyar shafi bayan shafi, har yau ana karanta shi. Ɗan jarida ne, kuma da shi aka ci tseren.

Ko Fijo 504 da ta cika hanyoyinmu bayan an buɗe masana'antar haɗa ta a Kaduna a 1975, wadda ta zama motar gwamnati da ta haya da ta alhazai, ta zo ne da lambar Motar Shekara ta Turai ta 1969 a wuyanta. Wannan lamba haɗin gwiwar mujallun motoci ce ta ƙirƙiro ta, 'yan jaridar mota ne kuma ke jefa ƙuri'ar.

To, duk wannan aiki kuɗi yake ci. Hayar filin gwaji, kayan awo, mai ɗaukar hoto, mai zane, inshora, man fetur, albashin mutanen da za su kwashe mako a kan mota ɗaya. Tukunyar kuwa a kan duwatsun murhu uku take zaune: kuɗin da mai karatu ke biya, manyan tallace-tallace na kamfanoni, da ƙananan tallace-tallace na masu sayar da motocinsu da kayan gyara, waɗanda ke cika shafukan baya. Abin da ya faru cikin shekara ashirin shi ne an zare duwatsun ɗaya bayan ɗaya.

Na farko da aka zare shi ne wanda ba a cika kula da shi ba, wato ƙananan tallace-tallacen. Layi uku ne ko huɗu: mota kaza, shekara kaza, farashi kaza, ga lambar waya. Kowanne kuɗinsa kaɗan ne, amma dubbai ne, kuma ba sa buƙatar marubuci ko mai hoto. Kusan riba ce tsantsa. Ƙari a kan haka, su ne ke sa wanda bai damu da karatu ba ya sayi mujallar, don yana neman mota. Da intanet ta zo, mai saye ya ga yana iya tace motoci da farashi da shekara da nisan gari, ya ga hoto goma maimakon ɗaya, mai sayarwa kuma tallarsa ta fito yau ba sai mako mai zuwa ba. Takarda ba ta da abin da za ta kare kanta da shi a nan. Exchange & Mart, wadda ake bugawa a Ingila tun 1868, ta bar takarda a 2009. Auto Trader ta Ingila tana sayar da kwafi 368,000 a mako a farkon 2000. Zuwa 2013 ta sauko zuwa 27,000, aka rufe bugun takarda a watan Yuni na shekarar. A lura, kamfanin bai mutu ba, ya ma fi da ƙarfi a intanet. Kuɗin yana nan, sai dai ya rabu da aikin jarida. A da talla da labari a cikin bango ɗaya suke, ɗaya yana ciyar da ɗaya. Yanzu kowa ya kama gabansa, kuma talla ce ta tafi da jakar kuɗin.

Dutse na biyu shi ne manyan tallace-tallace. Tun kafin guguwar, Ingila ta hana tallar taba a jaridu da mujallu daga 2003, kuma kamfanonin taba suna cikin masu sayen shafuka masu tsada a mujallun da maza ke karantawa. Sannan tattalin arzikin duniya ya karye a 2008, har General Motors da Chrysler suka nemi kariyar kotu daga masu binsu bashi a 2009. Kamfanin da ke neman tsira da ransa, kuɗin talla yake fara yankewa. Da kasuwa ta farfaɗo, kuɗin bai koma inda ya fito ba. Google da Facebook sun riga sun nuna wa kamfanoni cewa za su iya kai talla kai tsaye ga mutumin da jiya ya yi binciken farashin mota, su kuma faɗa musu mutum nawa ne suka danna. Mujalla tana iya cewa mutum dubu ɗari suna karanta ta, amma ba ta iya nuna wanda ya tsaya a shafi na 43.

Na uku, mai karatu. Mujallar wata-wata tana rufe shafukanta makonni kafin ta iso kasuwa. Da a ce ita kaɗai ce hanya, babu damuwa, kowa zai jira. Amma daga 2004 shafuka irin su Autoblog da Jalopnik sun fara kawo labarin sabuwar mota a ranar da aka yaye mata lulluɓi, kyauta. YouTube ta zo a 2005. Shirin talabijin na Top Gear da aka sabunta a 2002 ya riga ya koya wa duniya cewa mota abin kallo ce. Kuma gani ya kori ji: duk ƙwarewar marubuci wajen siffanta kukan inji mai silinda goma sha biyu, bidiyon daƙiƙa talatin ya fi shi isar da saƙon. Ga kuma yadda ake sayar da mujalla a kanti, inda ake buga fiye da abin da za a saya, abin da ya yi kwantai a mayar wa kamfani a niƙe shi. Idan ciniki ya ragu, kanti ya rage mata wuri, raguwar wuri ta ƙara rage ciniki. Edita ya rage shafuka, ya sallami ma'aikata, mai karatu ya ga mujallar ta rame ga farashi ya hau, shi ma ya janye.

Duk da haka, ba daidai ba ne a ɗora wa intanet komai. The Motor ta mutu a 1988, lokacin da Autocar ta haɗiye ta, kuma a lokacin babu wanda ya san intanet a gidansa. Performance Car ta rufe a 1998, wasu daga ma'aikatanta suka tashi suka kafa evo a shekarar. Mujallu sun daɗe suna cinye juna. Abin da ya sauya shi ne masu su. Mujallar da wani mahaukacin son mota ya kafa, kamar yadda Robert Petersen ya fara Hot Rod yana tallarta da kansa a wuraren tsere, ta wuce daga hannun kamfani zuwa kamfani har ta zama layi ɗaya a cikin lissafin wani babban gida. Mai irin wannan gida ba sai mujalla ta yi asara yake rufe ta ba, ya isa ribarta ta gaza abin da yake so. Shi ya sa 19 suka tafi a rana ɗaya. Kuma tun ƙarshen 2024, da kamfanin Hearst ya sayi Motor Trend da Hot Rod, sun koma inuwa ɗaya da Car and Driver da Road & Track da Autoweek, waɗanda a da kishiyoyi ne.

Motar ita ma ta sauya. Rabin masu karatun da, mutane ne masu buɗe bonet ranar hutu su kwance kafireto su goge fulogi. Motar yau kwamfuta ce ke tafiyar da ita, an rufe injin da murfin roba, sai an jona na'ura kafin a san ciwonta. Kamfanin Haynes, wanda littattafansa na gyaran mota suka shiga gareji a ko'ina a duniya, ya sanar a ƙarshen 2020 cewa ya daina buga sababbi a takarda. Max Power, mujallar samarin Ingila masu yi wa ƙananan motoci kwalliya da ƙaton salansa, ta taɓa wuce kwafi 200,000 a wata, ta rufe a farkon 2011 bayan yayin ya wuce. A Ostareliya, Ford ta daina ƙera mota a 2016, Holden da Toyota suka bi a 2017. Mujallar MOTOR, wadda ta rayu tun 1954 a kan gasar Ford da Holden, ta rufe a 2022. Abin da take ba da labarinsa ne ya riga ta tafiya.

Ba na so in mayar da su waliyyai. Motar da ake gwadawa kamfani ne ke ba da aronta, wani lokaci bayan kanikawansa sun yi mata shiri na musamman. Shi ke biyan kuɗin jirgi da otal idan za a ƙaddamar da sabuwa, shi ne kuma mai sayen shafin talla. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. An sha zargin mujallu da sassauta harshe, kuma a 2014 an kama ƙungiyar direbobi ta ADAC a Jamus, mai mujallar Motorwelt da ake bugawa miliyoyi, ta kumbura adadin ƙuri'un gasarta ta motar da aka fi so har kusan ninki goma.

Amma a duba abin da ya faru a watan Oktoba na 1997. Mujallar Teknikens Värld ta Suwidin tana da wani gwaji da take yi wa kowace mota: a taho da gudu, a kauce farat ɗaya kamar wata ƙatuwar dabbar dawa ta faɗo titi, sannan a dawo hannu. Suka sa sabuwar Mercedes A-Class, da mutane a ciki, a gudun da bai fi kilomita 60 a awa ba. Motar ta kife. Da farko kamfanin ya nemi ya kare kansa, amma hotuna sun riga sun zaga duniya. Ƙarshe Mercedes ta dakatar da sayar da motar na wajen wata uku, ta gyara ƙafafunta, ta canza tayoyi, ta kuma sa mata na'urar ESP mai hana mota sulɓewa, wadda a lokacin sai a manyan motoci masu tsada ake samunta. Daga nan sauran kamfanoni suka bi, har na'urar ta zama dole a sababbin motoci a Turai da Amurka. 'Yar mujalla ce a ƙasa mai mutum miliyan tara ta tanƙwara ɗaya daga cikin manyan kamfanonin duniya. Ta iya ne saboda tana da gwaji nata na kanta, da shekaru na sakamakon da za ta nuna, da gidan jarida a bayan wakilinta idan lauyoyi suka taso.

Nan ne damuwata take. Masu bidiyon mota na yau akwai gwanaye a cikinsu, wasu ma tsofaffin ma'aikatan mujallun ne, kuma ina kallonsu. Sai dai mutum ɗaya da kyamara ya fi mujalla buƙatar yardar kamfani. Idan aka daina ba shi aron mota, ba shi da abin nunawa mako mai zuwa. Sannan abin da ke kawo masa kuɗi shi ne yawan masu kallo, masu kallo kuwa motar miliyoyi da tseren minti ɗaya suke so. Wa zai kwashe kwana biyar yana auna shan man ƙaramar motar iyali, ko ya riƙe ta shekara guda yana rubuta duk abin da ya lalace da abin da aka kashe? Mujallu suna yin wannan, ba don yana da daɗin karatu ba, sai don shafukan baya suna biya.

Waɗanda suka tsira sun bi hanya biyu. Autocar tana fitowa duk mako har yanzu, Motor Sport ta cika shekara 100 a 2024, Auto Motor und Sport tana nan. Wasu kuma sun rage fitowa sun ƙara tsada: Road & Track ta koma sau shida a shekara tun 2020, da takarda mai kauri da manyan hotuna, abin ajiyewa a falo. Mujallun tsofaffin motoci irin su Classic & Sports Car da Octane sun fi jurewa, domin labarin motar 1965 ba ya tsufa cikin mako guda, masu karatunsu manya ne masu abin hannu, kuma dillalan motoci masu tsada suna son shafi mai sheƙi. Takarda ta koma kayan masu hali. Yaron da a da zai tara kuɗin tara ya sayi mujalla, ba shi ake bugawa dominsa ba yanzu.

Mu a nan abin ya shafe mu ta wata fuska da ba a cika tunawa ba. Yawancin motocin da muke hawa sun yi shekara goma ko sha biyar a Turai ko Amurka kafin su sauka a Kwatano ko Legas. Mai saye yana dogara ne da bakin dillali da na bakanike, da sunan da kasuwa ta laƙaba wa motar. Amma lokacin da take sabuwa wani ya auna ta, ya rubuta ainihin abin da take sha, ya faɗi inda giyarta ke ba da matsala. Na motocin shekarun 1990 da 2000 yana nan a takarda, a ɗakunan karatu da akwatunan mutane, Motor Sport ma ta ɗora dukkan bugunta tun 1924 a intanet. Na motocin da ake ƙerawa yau, waɗanda za su iso mu nan da shekara goma sha biyar, yawancinsa yana kan shafukan da ake sayarwa, a sauya musu fasali, tsofaffin rubuce-rubuce su ɓace ba wanda ya sanar, ko a cikin bidiyon da mai shi zai iya gogewa ranar da ya ga dama.

Adakar kawuna ba ta kai labari ba. Bayan rasuwarsa gara ta ci na ƙasa, yaran gareji kuma suka ba mai ƙosan bakin titi mafi yawan sauran tana naɗe wa mutane. Guda bakwai na samu. A ɗaya daga ciki akwai zanen 504 a tsage, kuma a daidai gatarin baya akwai shatin babban yatsansa da baƙin mai, inda ya tsaya yana nuna mini abin da ya sa take jure hanyar da ba kwalta.